Ƙa'idojin Gina Wurin Tantance Shara Mai Haɗe da Ɗakin Koyarwa

An shirya wannan darasi ne domin shugabannin ƙananan hukumomi, da sarakunan kasuwa, da ƙungiyoyin 'yan gwangwan, da shugabannin makarantu, da duk wani ɗan ƙasa da ke da niyyar kafa wurin da za a riƙa tara shara ana tantance ta, ana fitar da abin da zai sake amfani. A 'yan shekarun nan an ƙara samun masu sha'awar su haɗa irin wannan wuri da ɗakin koyarwa, watau inda 'yan makaranta da sauran jama'a za su zo su ga yadda ake raba roba da kwalba da ƙarfe da kwali, su koyi abin da za su yi a gidajensu. Niyya ce mai kyau. Amma ya kamata mai karatu ya lura tun da farko cewa abubuwa biyu ne ake so a haɗa waɗanda ba su jituwa da juna: a gefe guda ga manyan motoci da injuna da ƙura da abin da ke kama wuta, a ɗaya gefen kuwa ga yara ƙanana. Ilmin tsara wannan gini kusan dukkansa yana kan yadda za a bar yaro ya ga aikin da idonsa ba tare da aikin ya taɓa jikinsa ba.

Asalin dokokin

Mutane da yawa suna ɗaukar takardun izinin gini tamkar wata hanya ce kawai ta karɓar kuɗi da ɓata lokaci. Wanda ya san tarihin dokokin ba zai faɗi haka ba, domin galibinsu wata masifa ce ta haife su.

A shekarar 1988 aka gano cewa an shigo da gangunan guba daga Italiya, fiye da tan 3,500, aka jibge su a wani fili a ƙaramin garin Koko mai tashar jiragen ruwa, wanda a lokacin yake cikin Jihar Bendel, yanzu kuwa cikin Jihar Delta. Mai filin haya ya bayar, bai san abin da ke cikin gangunan ba. Rana ta dake su, ruwan sama ya dake su, wasu suka fara yoyo, har ma'aikatan da aka sa su kwashe su suka jikkata. A wannan shekara gwamnatin soja ta kafa Doka ta 42, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da shara mai guba ko mai zubar da ita, da Doka ta 58 wadda ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A 1999 aka narkar da wannan hukuma cikin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, sa'an nan a 2007 aka kafa NESREA, wadda ita ce ke tilasta bin ƙa'idojin muhalli a yau. A 2009 aka fitar da ƙa'idojin tsabtar gari da kula da shara da hukumar ke aiki da su.

Akwai kuma Doka ta 86 ta 1992, wadda ta ce kafin a fara wani babban aiki da zai iya taɓa ƙasa ko ruwa ko iska, sai an yi binciken irin tasirin da zai yi ga muhalli. Masana'antar sarrafa sharar gari tana cikin ayyukan da dokar ta ambata, haka ma wurin ƙona shara da babban juji da wurin yin takin gargajiya na gari. A kan baje rahoton binciken a fili har kwana 21 na aiki, domin mutanen wurin su karanta su faɗi ra'ayinsu. Wannan haƙƙinku ne, jama'a. In an kafa sanarwa a sakatariyar ƙaramar hukuma, kada a bar kwanakin su wuce a zo daga baya ana kuka da wari.

Game da izinin ginin kansa, Doka ta 88 ta 1992 ta shimfiɗa tsarin birane da yankuna, amma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, cewa tsara gari da ba da izinin gini aikin jihohi ne, ban da Babban Birnin Tarayya. Saboda haka mai son gini a Ibadan ko Fatakwal ko Kano, hukumar tsara birane ta jiharsa zai dosa. Takardar mallakar fili ba ita ce izinin gini ba. Wannan kuskure ne da ake yawan yi, har mutum ya kai ginin linta sa'an nan a zo a shafa masa jan fenti.

A 2006 kuma aka fitar da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa. Kundin ya rarraba gine-gine bisa ga amfanin da za a yi da su: na taruwar jama'a daban, na karatu daban, na masana'anta daban, na ajiyar kaya daban, na abubuwa masu haɗari ƙwarai daban. Wurin da muke magana a kansa ya faɗa cikin aƙalla uku daga cikin waɗannan, domin masana'anta ne, ma'ajiya ce, kuma makaranta ce. Inda aka haɗa amfani iri-iri a gini ɗaya, hanya biyu ce: ko dai a raba sassan da bango mai jure wuta, ko kuwa a gina dukkansa bisa ga sharaɗin sashen da ya fi tsanani. Ra'ayin mai wannan rubutu shi ne, a ƙasa irin tamu inda fili bai yi tsadar na Turai ba, hanya ta uku ta fi duka sauƙi da aminci, watau a yi gini biyu dabam-dabam, da tazara tsakaninsu.

Zaɓen fili

Kada a zaɓi fadama, ko bakin rafi, ko kwarin da ruwa ke kwanciya da damina. Ruwan da ya ratsa cikin tsibin shara yana fitowa baƙi, ɗauke da ƙazanta da guba, kuma in ya nutse ƙasa rijiyoyin maƙwabta zai nufa. Malaman tsabta sun saba cewa a bar mita 30 tsakanin shadda da rijiya. Wurin tara shara ya fi shadda girma nesa ba kusa ba, don haka tazararsa sai ta fi wannan, kuma gwajin ƙasar wurin ne zai nuna iyakarta.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne gini a kan tsohon juji. Sau da yawa ƙaramar hukuma ta kan ga cewa ai ga fili kyauta, tun da dama can shara ake zubarwa. Tsohon juji ba ƙasa ba ce. Yana ci gaba da ruɓewa shekara da shekaru, yana lotsawa, harsashin gini ya tsage. Har wa yau yana fitar da iskar gas da ake kira metan, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma in ta taru cikin rufaffen ɗaki ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar ɗakin, ƙyastin ashana ɗaya ya isa. A watan Maris na 2018 jujin Olusosun da ke Ojota a Legas ya kama wuta, hayaƙi ya turnuƙe unguwannin da ke kewaye kwana da kwanaki. Shekara guda kafin wannan, a Maris na 2017, tsibin jujin Koshe da ke Adis Ababa ta ƙasar Habasha ya zaftare a kan gidajen da aka gina a gindinsa, mutum fiye da 110 suka rasu. Ba a kai yara kusa da irin wannan wuri da sunan karatu.

Sai maganar iska, wadda masu zanen gini na gaggawa suka cika mantawa da ita. A Nijeriya iska biyu ce ke mulki. Da hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, da damina kuwa daga kudu maso yamma. Ke nan in aka ajiye ɗakin koyarwa a kudu maso yammacin rumfar aiki, hunturu zai kwaso ƙura ya kai wa yara. In aka ajiye shi a arewa maso gabas, iskar damina za ta kai musu wari. Wurin da ya dace shi ne gefe, ko arewa maso yamma ko kudu maso gabas, inda iskar biyu za su wuce ba su bi ta kansa ba. Wannan dabara ba ta cin ko kwabo, muddin an yi tunaninta tun ginin yana kan takarda. In aka dasa layin itatuwa tsakanin gine-ginen biyu, kamar dalbejiya a arewa, an ƙara samun kariya daga ƙura da ƙara.

Ƙofa biyu, hanya biyu

Wannan ita ce ƙa'idar da ba a sassauta ta. Motar shara da amalanke da keken kaya su shiga ta ƙofarsu, baƙi da 'yan makaranta su shiga ta tasu, kuma hanyoyin biyu kada su gitta juna ko a wuri ɗaya. Direban tifa in yana ja da baya ba ya ganin abin da ke bayansa, balle yaro ɗan shekara takwas. A tsara hanyar motoci ta zama zagaye, a shiga ta nan a fita ta can, yadda ja da baya zai ragu. Sikelin auna kaya ya kasance kusa da ƙofar motoci, domin masu kawo kaya su auna, a biya su, su juya ba tare da sun kutsa cikin fili ba.

To, yaya yara za su ga aikin? A yi musu baranda mai tsawo a gefen rumfar, a ɗage ta sama da daɓen aiki, a sa mata shinge da waya ko gilashi mai kauri. Shingen ya wuce mita ɗaya a tsayi, sandunansa kuwa a tsaye, a matse yadda kan yaro ba zai shiga tsakaninsu ba. Kada a yi sandunan a kwance, don yaro tsani zai mai da su. Daga wannan baranda suna ganin yadda kaya ke shigowa a cakuɗe, su fita a ɗaure iri-iri, malami yana bayani, ba wanda ya taka daɓen. Dokar ƙwadago ta hana sa yaron da bai kai shekara 15 ba aiki a masana'anta, saboda haka kada wani ya fake da koyarwa ya sa 'yan makaranta tsintar roba. Abin da za su taɓa da hannu a ɗakin koyarwa sai wanda aka wanke aka ajiye musamman domin darasi.

Rumfar aiki

Daɓen ya zama na kankare mai kauri da rodi, a ɗan karkata shi, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, yadda ruwan wanki zai gangara cikin kwata ya tafi ramin da aka gina masa. Wannan ruwa dabam, ruwan sama da ke saukowa daga kwano dabam. In aka bar su suka haɗu, an mai da ruwa mai tsabta ƙazanta, ramin kuma zai cika ya tumbatsa a ruwan farko na Agusta. Ruwan kwano a tara shi a tanki, zai yi amfani wajen wanki da ban-ruwan itatuwa.

Rufin ya yi tsawo. Tifa in ta ɗaga bodi tana iya wuce mita 6, don haka injiniya ya auna motar da za ta riƙa shiga kafin ya yanke tsayin ginshiƙai. Tsawon rufi yana kuma taimakon iska, musamman in an bar saman bango a buɗe da waya, zafi da ƙura su fita ta sama. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta rajistar masana'anta, da isasshen haske da iska, da killace sassan inji masu juyawa, da ruwan sha, da makewayi, da akwatin taimakon gaggawa, da hanyar tsira in gobara ta tashi. Ma'aikatan wurin, waɗanda galibinsu samari ne da suka baro garuruwansu neman abin kansu, suna da haƙƙin waɗannan abubuwa daidai da ma'aikacin kowace masana'anta. A yi musu wurin wanka da canja tufafi, da inuwar cin abinci nesa da kaya, da wurin salla. Makewayin mata dabam, domin a wurare da yawa mata ne ke aikin ware roba da cire mata takarda.

Injin niƙa roba yana da ƙara ƙwarai. Ƙarar da ta kai desibel 85, in mutum yana yini cikinta kullum, tana kashe ji sannu a hankali, alhali kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar cikin aji ta wuce 35. A keɓe injin da janareta a ɗaki mai bangon bulo a can ƙarshen fili, ma'aikatansa kuma a ba su abin toshe kunne.

Gobara ita ce babbar abokiyar gabar wannan sana'a. Roba daga man fetur ake yin ta, kuma in ta kama tana ci kamar mai. Kwali da takarda ba sai an faɗa ba. Ga kuma batiran waya da na fitila mai caji da ke shigowa a ɓoye cikin shara, waɗanda in aka murƙushe su sai su kama da kansu. Don haka kada a tara ɗaurarrun kaya tsibi ɗaya har rufi. A raba su ɗaki-ɗaki da bangon bulo, roba nan, kwali can, a bar hanya tsakani, a bar fili kewaye da ginin da motar 'yan kwana-kwana za ta iya bi. A tanadi tankin ruwa da ba a taɓa shi sai don gobara, da gwangwanayen kashe wuta, da bokitan yashi. Wayar lantarki a bi da ita cikin bututu. Kwana a cikin ma'ajiya da hura wuta don jin ɗumi da hunturu, abubuwa ne da aka saba gani, kuma su ne ke cinye jarin shekara goma a dare ɗaya. Maganinsu shi ne a gina wa mai gadi ɗakinsa a bakin ƙofa.

Akwai kayan da ba su da gurbi a wurin da yara ke zuwa ko kaɗan. Na farko tsohon batirin mota, saboda darmar da ke cikinsa. Masana ba su san wani ma'auni na darma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa ba. Tana daƙushe ƙwaƙwalwa, kuma illar ba ta gyaruwa. Mun ga abin da ƙurar darma ta yi a Jihar Zamfara a 2010, lokacin da aka riƙa niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, yara fiye da 400 suka rasu. Ƙurar da ke tashi wajen fasa batir ita ce dai wannan darma. Na biyu ƙona wayar lantarki don fitar da jan ƙarfe, wanda hayaƙinsa guba ne. Na uku sharar asibiti, allurai da makamantansu. In an ci karo da waɗannan, a ajiye su a rufaffen ɗaki mai daɓe, a miƙa wa masu lasisin sarrafa su. Tsofaffin tayoyi kuma a ajiye su ƙarƙashin rufi, don ruwan da ke kwanciya a cikinsu matattarar sauron da ke yaɗa shawara ne. Ragowar abinci kada ya kwana, saboda ɓera, wanda shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa.

Ɗakin koyarwa

Ɗaki mai faɗin mita 7 da tsawon mita 8 zai ɗauki yara 40, kowane yaro ya sami kusan mita murabba'i ɗaya da rabi. A miƙe tsawonsa daga gabas zuwa yamma, tagogi su fuskanci kudu da arewa, rana ba za ta shiga kai tsaye safe da yamma ba, iska kuma za ta ratsa. Ƙofa biyu, nesa da juna, masu buɗewa waje. Dalili shi ne in tsoro ya kama yara gaba ɗaya suke danna ƙofa, wadda ke buɗewa ciki kuwa sai ta toshe. A bakin fita a sa famfo da sabulu, kowa ya wanke hannu kafin ya tafi.

A gina shi a ƙasa. Kada a ɗora shi a saman ma'ajiya don tsimin fili, domin hayaƙi sama yake tashi, kuma bene da ba a yi masa lissafi ba kabari ne. A ranar 13 ga Maris 2019 wani bene ya rufta a Ita Faji cikin tsibirin Legas, da makarantar yara a samansa, mutum 20 suka rasu. A ranar 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos ana cikin karatu, aka rasa rai 22. Zanen gini aikin mai zane ne da ke da rajista da ARCON, lissafin ƙarfinsa aikin injiniya ne mai rajista da COREN, kula da aikin kuwa na magini ne mai rajista da CORBON. A nemi ganin shaidar rajistarsu, ba abin kunya ba ne.

Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, wa'adin kuwa ya cika a Janairun 2024. Sabon gini ba shi da uzuri. A yi gangara maimakon matakala kaɗai, kowace mita ɗaya ta hawa a ba ta mita 12 na tsawo, ƙofofi da makewayi su wadaci keken guragu, barandar kallo ita ma haka.

Mai son ganin misalin da aka kai wannan tunani ƙarshe sai ya dubi Kamikatsu, wani ƙaramin gari a tsibirin Shikoku na ƙasar Japan. A 2003 mutanen garin suka ƙudura rage sharar da ake ƙonawa ko binnewa iyakar iyawarsu, a 2020 kuma suka buɗe cibiya inda kowa ke kawo shararsa da kansa ya raba ta kashi-kashi, kashi 45 a lokacin. An yi ginin da katakon dajin garin da tsofaffin tagogi kimanin 700 da mazauna suka bayar, kuma yana da zauren koyarwa da shagon musayar tsofaffin kaya da ɗan masaukin baƙi. Suna sake amfani da kusan kashi 80 cikin 100 na shararsu. Sai dai a lura da abin da ya sa suka iya haɗa jama'a da shara a inuwa ɗaya: ragowar abinci a gida ake mai da shi taki, kwalba da gwangwani a wanke ake kawo su, garin kuma mutanensa ba su kai 2,000 ba. Mu da shararmu ke zuwa a cakuɗe cikin tifa, sai mu ɗauki darasin tagogin, watau ginin kansa ya zama abin koyarwa, da kujerun tsohuwar taya da daɓen fasassun tayil, amma mu riƙe tazararmu. Ko wajen amfani da tsofaffin kaya ma akwai iyaka: ginshiƙi da bim da rodi ba a yin su da kayan bola sai injiniya ya gwada ya sa hannu.

Bayan an gama

In gini ya kammala, kada a buɗe shi sai jami'an hukumar tsara birane da na kashe gobara sun duba sun ba da takardar shaidar cewa ya dace a shiga. A ajiye kwafin zanen da aka amince da shi a ofishin wurin. Duk ranar da aka so ƙara rumfa, ko kawo sabon inji, ko mai da ma'ajiya aji, sai an koma an nemi izini, domin canjin amfani sabon gini ne a idon doka. Shugaban makarantar da zai kai yara ziyara ya fara zuwa shi kaɗai ya duba ƙofofi da baranda da wurin wanke hannu, ya kuma nemi a tsayar da shigar motoci a lokacin ziyarar. Wanda ya ga ana ƙona waya ko fasa batir kusa da gidaje ko makaranta, sai ya kai rahoto ga sashen lafiya na ƙaramar hukumarsa, ko hukumar muhalli ta jiha, ko ofishin NESREA mafi kusa da shi.